Darasi: Shin Magungunan Wankin Jijiyar Haƙori Suna Cutar da Dasashi?

Duk wanda ya taɓa kwana da ciwon haƙori ya san abin da hannu ke fara lalubowa da tsakar dare: wayar salula. A cikin 'yan mintuna mutum zai ci karo da bidiyon da ke cewa likitocin haƙori suna zuba bilicin wanki a bakin mutane, ko wani rubutu da ke cewa bincike ya gano maganin da ake sa wa a haƙori yana kashe ƙwayoyin halittar ɗan Adam. Abin mamaki shi ne duka maganganun biyu akwai gaskiya a cikinsu. Sai dai gaskiya ce guntuwa, wadda ke sa wasu su guji asibiti har ciwon ya kumbura fuska, ko su sa a cire haƙorin da za a iya cetowa.

Darasin yau zai bi batun daki-daki: waɗanne magunguna ne ake amfani da su, yaya masana ke gwada illarsu a kan ƙwayoyin halittar dasashi, kuma waɗanne na'urori ne ke tsare maganin a inda aka nufa.

Mene ne wankin jijiyar haƙori?

Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawon waje, wanda ya fi komai tauri a jikin mutum. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai kama da ƙashi, cike da ƙananan hudoji da ido ba ya gani. A can tsakiya kuma akwai ɗan ɗaki mai ɗauke da nama mai laushi, da jijiyoyin jini, da jijiyar da ke jin zafi. Daga wannan ɗaki ne siraran hanyoyi ke gangarawa cikin saiwar haƙori har su fita ta wata 'yar ƙofa a ƙarshenta, inda suke haɗuwa da ƙashin muƙamuƙi.

Idan kogon haƙori ya yi zurfi, ƙwayoyin bakteriya sukan shiga wannan ɗaki, naman ya kumbura, daga baya ya mutu ya ruɓe. Tun da jini ya daina shiga wurin, maganin da aka haɗiya ba ya isa can. Shi ya sa mutum zai sha kafso na kwana biyar, ciwon ya lafa, bayan wata guda ya dawo. Mafita biyu ce: a cire haƙorin, ko a buɗe shi a kwashe ruɓaɓɓen naman, a wanke hanyoyin, a toshe su. Wannan na biyun shi likitoci ke kira rut kanal.

Likita yana kankare hanyar da wasu siraran allurai masu kama da zarto. Amma hanyoyin suna da rassa da lunguna da ƙarfe ba ya kaiwa, don haka dole a haɗa da sinadarai. A nan matsalar take: sinadarin da ke da ƙarfin kashe bakteriya da narkar da mataccen nama ba ya bambance tsakanin ƙwayar cuta da ƙwayar halittar mai haƙorin.

Magungunan da aka fi amfani da su

Na farko shi ne sodiyam haifokulorait, wanda shi ne ainihin sinadarin da ke cikin bilicin wanki irin su Hypo da Jik. A aikin haƙori ana amfani da shi daga ƙarfin kashi 0.5 zuwa kusan kashi 6 cikin 100. An yi amfani da shi a harkar lafiya a Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da masanin sinadarai ɗan Ingila Henry Dakin da likitan tiyata ɗan Faransa Alexis Carrel suka riƙa wanke raunukan sojoji da ruwansa mai ƙarfin kusan kashi 0.5. Fifikonsa a kan sauran shi ne yana kashe bakteriya kuma yana narkar da ragowar nama.

Na biyu shi ne kulohekzidin. Ana samunsa a ruwan kurkure baki da ƙarfin kashi 0.12 zuwa 0.2, amma a cikin haƙori akan yi amfani da kashi 2. Yana manne wa bangon hanyar ya ci gaba da aiki na wani lokaci, sai dai ba ya narkar da nama. Ba a haɗa shi kai tsaye da haifokulorait, domin idan suka gamu sukan haifar da wani gurɓi mai launin ƙasa-ƙasa da ke ɓata launin haƙori ya kuma toshe hudoji.

Na uku shi ne EDTA mai ƙarfin kashi 17, wanda aikinsa shi ne wanke dattin da kankara ta shafe bango da shi.

Waɗannan uku ruwan wanki ne, ana zubawa ana zuƙewa a zama ɗaya. Akwai kuma waɗanda ake barin su a cikin haƙori tsakanin zuwa asibiti na farko da na biyu. Babbansu shi ne kalsiyam haidurokzaid, wato dangin farar ƙasar da aka jiƙa, wanda wani likita Bajamushe mai suna Hermann ya shigo da shi aikin haƙori a 1920. A ma'aunin pH, wanda ke tafiya daga 0 zuwa 14 kuma ruwan sha ke tsakiya a 7, shi yana wajen 12.5. Yawancin bakteriya ba sa iya rayuwa a irin wannan yanayi. Akan bar shi mako ɗaya zuwa biyu a rufe da cikon wucin gadi.

Sai haɗin maganin kashe ƙwayoyin cuta guda uku, wato sifurofulokzasin da metronidazol da minosaikilin, wanda Hoshino da abokan aikinsa a Jami'ar Niigata ta Japan suka bayyana a 1996. An fi amfani da shi a haƙoran yara da matasa waɗanda saiwarsu ba ta gama girma ba.

Yadda ake gwajin a ɗakin bincike

Ba zai yiwu a ɗiga sinadari a dasashin mutum don a ga ko zai ƙone ba. Abin da ake yi shi ne a raini ƙwayoyin halittar dasashi a wajen jiki. Akan samo ɗan guntun nama da aka yanke a yayin wani aiki, misali cire haƙorin hankali, da amincewar mai shi. Daga ciki ake fitar da wasu ƙwayoyin halitta da ake kira faiburobulas. Su ne maginan jiki: su ke saƙa zaren da ke riƙe nama, su ne kuma ke ɗinke rauni idan ya samu. Idan magani ya kashe su, warkewa za ta yi jinkiri. Wannan dalili, da kuma sauƙin rainonsu, ya sa masu bincike ke yawan zaɓarsu.

Ana zuba su a wani farantin roba da girmansa bai wuce na wayar hannu sosai ba, mai ƙananan ramuka 96. Kowane rami tamkar ɗakin gwaji ne mai zaman kansa. Sai a ajiye farantin a na'urar raino mai ɗumin digiri 37, daidai da ɗumin jikin mutum, da iskar kabon dayokzaid kashi 5 cikin 100. Bayan ƙwayoyin sun kama, sai a sa maganin a wasu ramuka da cikakken ƙarfinsa, a wasu a sirka shi sau goma, a wasu sau ɗari, a bar wasu babu komai don a kwatanta. Akan duba sakamako bayan 'yan mintuna, ko awa 24, 48 ko 72.

To yaya ake ƙirga masu rai? Hanyar da ta fi shahara ita ce gwajin MTT, wanda masanin garkuwar jiki Tim Mosmann ya wallafa a 1983. Ana ɗiga wani rini mai launin rawaya a kowane rami. Ƙwayar halitta mai rai tana juya rinin ya koma shunayya, matacciya kuwa ba ta iyawa. Daga nan sai a saka farantin a na'urar da ke haska kowane rami ta auna yawan hasken da launin ya shanye, ta tura lambobin zuwa kwamfuta. Dabarar ta yi kama da ta ɗan firikwensin da ke saman waya, mai auna hasken ɗaki don daidaita hasken fuskar wayar.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauka, don misali kawai, ramin da ba a sa wa magani ba ya ba da lamba 1.0, wanda aka sa wa kuma ya ba da 0.45. Ke nan kashi 45 cikin 100 ne suka rage da rai. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 10993-5, wadda ake bi wajen gwada kayan asibiti, tana ɗaukar abu a matsayin mai guba ga ƙwayoyin halitta idan masu ran suka gaza kashi 70.

Abin da gwaje-gwajen suka nuna

Sakamakon bincike daban-daban ya hadu a kan abu ɗaya: kusan duk waɗannan magunguna suna cutar da faiburobulas idan aka zuba su kai tsaye, kuma cutarwar tana ƙaruwa da ƙarfin maganin da tsawon lokacin da ya ɗauka.

Haifokulorait da kulohekzidin, a ƙarfin da ake amfani da su a asibiti, suna kashe mafi yawan ƙwayoyin da ke faranti cikin ɗan lokaci, har ma bayan an sirka su sosai sukan ci gaba da yin illa. Kalsiyam haidurokzaid ya fi sauƙi idan ya sirku, amma inda ya taɓa nama kai tsaye yakan ƙone siririn sashe na sama. Tsofaffin magunguna masu ɗauke da finol ko fomaldihaid, irin su fomokiresol da Buckley ya gabatar a 1904, su ne suka fi fitowa da mummunan sakamako. A 2004 hukumar binciken cutar kansa da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa fomaldihaid a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, abin da ya ƙara sa likitoci da yawa suka juya masa baya.

Labarin haɗin magani uku ya nuna amfanin irin wannan gwaji. Da farko ana dama shi da kauri kamar man goge baki. A 2012 Ruparel da abokan aikinsa a Amurka suka gwada shi a kan ƙwayoyin halitta na asali da ke ƙarshen saiwar haƙorin da bai gama girma ba, waɗanda maƙwabtan na dasashi ne kuma su ake fatan su ƙarasa gina saiwar. Suka tarar da kaurin da ake amfani da shi yana kashe su, alhali kalsiyam haidurokzaid bai kashe su ba. Ba a jefar da maganin ba, sai aka rage masa ƙarfi. Ƙungiyar ƙwararrun wannan fanni ta Amurka tana ba da shawarar miligiram 1 zuwa 5 a kowace mililita, wanda ya yi ƙasa da na da nesa ba kusa ba. Akwai kuma wata illa ta daban: minosaikilin yana duhunta haƙori, don haka wasu likitoci ke cire shi daga haɗin.

Me ya sa faranti ya bambanta da baki?

A faranti, ƙwayoyin halitta suna kwance ne shimfiɗa ɗaya, tsirara, cikin ruwan da ba ya gudana. Duk abin da aka zuba yana zaune a kansu har a gama gwaji. A jikin mutum lamarin daban yake. Maganin yana cikin hanyar da taurin haƙori ya kewaye, kuma matsatsin da ke kusa da ƙarshen saiwa bai kai rabin milimita ba a galibin haƙoran manya. Shi kansa bangon haƙorin yana rage wa magunguna kaifi. Ɗan abin da ya tsallake kuma yakan gamu da jini da ruwan jiki, su sirka shi su tafi da shi. Haifokulorait musamman yana ƙarewa da zarar ya gamu da nama ko jini. Bayan haka jiki yana haifar da sabbin ƙwayoyi su maye gurbin waɗanda suka mutu.

Saboda haka gwajin faranti ya fi amfani wajen jera magunguna, a san wanne ya fi wanne zafi, kuma a wane ƙarfi illa ke farawa. Matakin farko ne kawai, bayansa akwai gwaji a dabbobi, sannan a bibiyi marasa lafiya na tsawon shekaru. Amincin magani ya rataya ne a kan abu uku: yawansa, daɗewarsa, da wurin da ya tsaya. Wutar da ke murhu ita ce dai wadda ke cin zana, bambancin kawai inda take.

Na'urorin da ke tsare maganin

Mafi muhimmanci a cikinsu shi ne mafi sauƙi: shimfiɗar roba da ake hudawa a zura haƙorin da ake aiki a kai, ta rufe dasashi da harshe da maƙogwaro. Likita Sanford Barnum ne ya ƙirƙiro ta a New York a 1864, kuma har yau ba a samu abin da ya maye gurbinta ba. Tana hana ruwan wanki taɓa dasashi, tana hana yawu mai bakteriya komawa cikin haƙori, tana kuma hana ƙaramar allura faɗawa maƙogwaro.

Ta biyu ita ce na'urar gano ƙarshen saiwa. Ana rataya wani ɗan ƙarfe a leɓe, a maƙala waya a allurar da ke cikin haƙori, sai wutar lantarki mai rauni ƙwarai ta bi tsakaninsu. Yayin da allurar ke kusantar ƙofar saiwa, yanayin gudun wutar yana canzawa, na'urar ta nuna a allonta ta kuma yi ƙara. Likita ɗan Japan Sunada ya yi amfani da wannan dabara a 1962, kuma na'urorin zamani irin su Root ZX na kamfanin Morita suna kwatanta mitar wuta biyu don ruwan da ke cikin hanya kada ya rikita awo. Da wannan da hoton eksire likita ke sanin tsawon hanya da milimita, ya tsaya kafin ƙofa.

Ta uku ita ce allurar wanki mai huda a gefe maimakon a baki, wadda ke fesa ruwa zuwa bango ba zuwa ƙashi ba. Akwai kuma tsarin da ke zuƙo ruwan daga ƙarshen hanya maimakon tura shi, da na'urar girgiza da sautin da kunne ba ya ji, mai kaɗa ruwan ya shiga lunguna. Bayan an gama, ana toshe hanyar da gota-faca, wani ƙaron itace daga yankin Malesiya, wanda da shi aka naɗe wayoyin tangarahun farko da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku a shekarun 1850.

Idan magani ya tsallake iyaka

Haɗari yana faruwa, ko da yake ba kasafai ba. Idan aka tura haifokulorait da ƙarfi ya fita ta ƙarshen saiwa, mutum yakan ji zafi mai tsanani nan take ko da an yi allurar kashe zafi, fuska ta kumbura da sauri, daga baya fata ta yi tabon taruwar jini. Yawanci ana warkewa cikin makonni idan an samu kulawa, amma wasu kan daɗe da mutuwar jiji a leɓe. Kalsiyam haidurokzaid ma, idan ya yi yawa ya kai ga babbar jijiyar muƙamuƙin ƙasa, yana iya lalata ta.

Haɗarin da ya fi shafar dasashi kai tsaye shi ne na tsofaffin magungunan kashe jijiya. Tun 1836 aka fara amfani da gubar asinik don a kashe jijiyar haƙori, a zamanin da babu allurar kashe zafi. Daga baya aka koma ga man da ke ɗauke da farafomaldihaid. Idan ciko ya yi yoyo, waɗannan sukan kashe dasashi har da ƙashin da ke ƙarƙashinsa. Da zuwan ingantacciyar allurar kashe zafi buƙatarsu ta kau, amma har yanzu akan gamu da su a hannun marasa ƙwarewa.

Wannan darasi ya shafi magungunan gida ma. Ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi yana ƙona shi ya bar farin tabo. Ruwan batir da fetur da wasu ke ɗigawa a kogon haƙori sun fi haka muni. Ko man kanumfari, wanda sinadarinsa ke cikin wasu kayan cikon asibiti, yana ƙona nama idan tsantsarsa ce. Bilicin wanki kuwa, kasancewar likita na amfani da danginsa a cikin rufaffiyar hanya ba izini ba ne ga kowa ya kurkure baki da shi.

Tace labari kafin a tura

A farkon ƙarni na 20 wani likitan haƙori a Amurka, Weston Price, ya yi iƙirarin cewa haƙoran da aka wanke wa jijiya suna haddasa cututtuka a sassan jiki. Binciken da ya biyo baya ya nuna gwaje-gwajensa ba su da inganci, aka yi watsi da ra'ayin. Amma ya sake farfaɗowa a intanet, har aka yi fim a kai mai suna Root Cause, wanda Netflix ya sauke daga dandalinsa a 2019 bayan ƙorafin ƙungiyoyin likitocin haƙori. Guntayensa suna yawo a WhatsApp da TikTok har gobe.

Idan mai karatu ya ga labarin cewa wani magani yana kashe ƙwayoyin halitta, tambayoyi huɗu za su taimaka. A faranti aka yi gwajin, ko a dabba, ko a mutane? Da wane ƙarfi, kuma na tsawon wane lokaci? Da me aka kwatanta shi? Kuma me zai faru idan aka bar ciwon babu magani? Ta ƙarshen ita aka fi mantawa, alhali ruɓaɓɓen haƙori na iya tara mugunya da za ta bazu zuwa wuya ta toshe numfashi.

Abin da mai zuwa asibiti zai kula da shi

Ya tabbatar likitan haƙori ne mai rajista zai yi aikin. A Najeriya, Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta ƙasa ce ke ba da lasisi. Ba laifi ba ne ya tambaya ko za a sa shimfiɗar roba, da kuma sunan maganin da za a bari a cikin haƙorin. Ya faɗa wa likita idan jikinsa ba ya karɓar wani magani, ko roba, ko kulohekzidin. Ya koma a ranar da aka sa masa, domin lafawar zafi ba ta nufin aiki ya kammala, kuma cikon wucin gadi ba a yi shi don ya yi watanni ba. Idan cikon ya fita, ko dasashin gefen haƙorin ya yi fari ko toka-toka, ko fuska ta kumbura, ko leɓe ya ƙi farfaɗowa bayan allura ta sake shi, to ya koma asibiti a ranar ba tare da jiran lokacin da aka ɗiba masa ba.